Bayan aikin ƙafa, yaushe ake komawa kan babur?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum. Tambayar nan ta yawaita, shi ya sa muka ware mata wuri guda. An yi wa mutum aiki a ƙafa, an cire zare, an cire filasta, likita ya ce ya fara takawa. Yaushe zai hau babur? Me zai gwada kafin nan, kuma me ya kamata a taɓa a jikin babur ɗin? Masana, bisimillah.

Likitan Ƙashi: Wa alaikumus salam. Kafin a shiga lissafin makonni, sai an san wane aiki aka yi. Ƙasusuwa 26 ne a ƙafa ɗaya daga idon sawu zuwa yatsu, kuma ba duka ke warkewa da sauri ɗaya ba.

Wanda aka gyara wa babban yatsa da ya karkace, aka yanka ƙashi aka daidaita shi da sukuru, ƙashin kan haɗu cikin mako 6 zuwa 8. Karayar idon sawu da aka sa wa faranti da sukurori ita ma wajen mako 6 ne kafin a saki mutum ya ɗora nauyinsa duka, ko da yake wasu likitocin kan bari a fara tun kafin nan idan ƙarfen ya kama da kyau. Ƙashin dunduniya ya fi jan lokaci, mako 8 zuwa 12 ba a takawa. Agara idan an ɗinke ta, ana wata biyu zuwa uku cikin takalmin asibiti, amma ƙarfinta bai dawowa sai bayan wata shida, wani har shekara.

Biyu ne na fi so masu babur su lura da su. Ta farko karayar da ake kira Jones, a gindin dogon ƙashin da ke gefen ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa. Jini kaɗan ne ke isa wurin, don haka yana jinkirin haɗuwa, kuma yana iya sake tsagewa. Ta biyu raunin Lisfranc, a gaɓoɓin tsakiyar ƙafa. Nan ne daidai wurin da ke zama a kan matakin babur, nan kuma nauyi ke sauka idan mutum ya kai yatsunsa ƙasa yana ɗage da dunduniya.

Duk waɗannan lissafin takawa ne. Izinin takawa daban, izinin hawa babur daban. A tambayi wanda ya yi aikin a fili, a ce masa babur ne mai giya, a faɗa masa nauyinsa. Da yawa in ka ce musu tuƙi, mota suke zato.

Baban Totur: Likita, da girmamawa, ina ganin ana tsananta abin. Mai babur zaune yake. Wanda zai iya tafiya a ƙasa da ƙafarsa, ai ya fi wahalar da ita a kan wanda ya zauna ya ɗora ta a mataki. Giya ɗan taɓi ne, birkin baya ma haka. Kuma akwai waɗanda da babur ɗin suke ci, ba za su iya zaman wata huɗu ba.

Malamin Tuƙi: Baba, maganarka gaskiya ce muddin babur yana tafiya. Matsalar tana wurin tsayawa, musamman tsayawar da ba a shirya mata ba. Ƙaramin babur mai inji cc 100 ko 125 yana kai kilo 100 zuwa 130, manya kuma sun haura 200. Idan yana tsaye cak, kusan babu nauyi a ƙafa. Da ya ɗan karkata, nauyin sai ya fara zubowa a kan ƙafar da ke ƙasa, kuma yana ƙaruwa da sauri. A tafiyar ƙasa kai ka zaɓi inda za ka taka da yadda za ka taka. A kan babur, wani ne zai yanko maka gaba, ka damƙe birki kan babur yana juye, ƙafa ta fita da kanta ta dira kan tsakuwa ko bakin rami, a karkace. Ba ka da lokacin zaɓar mai lafiyar. Wannan dirar ita ce ma'aunin, ba zaman ba.

Baban Totur: To wannan na yarda. Amma idan ƙafar hagu ce fa? Ai ta dama ce ke da birki.

Malamin Tuƙi: A mota haka ne, ta dama ce abin dubawa. A babur ta hagu ta fi aiki. A kanta kake tsayawa ita kaɗai lokacin da kake ɗaga ta dama ka haye, kuma tana murɗawa a ƙasa da nauyinka duka a kanta. Ita ke harba sitan ɗin gefe, wato ƙarfen da ake jingine babur a kansa. Ita ke sauka ƙasa a kowace tsayawa, tunda ta dama tana kan birki. Ita ke canja giya, wanda a cikin cunkoso ba ya ƙirguwa. Ta dama aikinta bai kai haka yawa ba, sai dai mai nauyi ne: birki, kik, da sitan ɗin tsakiya.

Likitan Ƙashi: A kan ta dama akwai abin da aka auna. An yi gwaji da masu mota da aka yi wa aikin karayar idon sawun dama, aka ga saurin kai ƙafa kan birki bai koma daidai ba sai wajen mako na 9 bayan aikin. Wannan mota ce, mai ƙafa huɗu, wadda ba ta faɗuwa in ka tsaya. Saboda haka ni kan ɗauki wannan a matsayin mafi ƙarancin lokaci, ba lokacin hawa babur ba.

Ku yi lissafin da kanku. A gudun kilomita 50 cikin awa, babur na cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Jinkirin rabin daƙiƙa saboda ƙafa tana tsoron zafi, mita 7 ke nan.

Hajiya Mai Gashi: Sannunku, ni aikina gashin ƙashi ne. Ni ba na ba mutum kwanan wata, gwaji nake ba shi. Hoton ƙashi yana nuna ƙashi ne kawai. Ba ya nuna tsokar sha-raɓa da ta zube bayan mako shida a filasta, ba ya nuna gaɓar da ta sandare, ba ya kuma nuna cewa ƙafar ta manta yadda take gane inda take ba tare da ido ya duba ba. Wannan na ƙarshen shi ne ke sa mutum ya yi targaɗe a kan ƙafar da aka ce ta warke.

Abin da nake so in gani shi ne, da farko ya yi tafiyar minti 30 babu sanda, babu ɗingishi. Ya sauko matakala ƙafa bayan ƙafa kamar kowa, ba yana tara su a mataki ɗaya ba. Saukowa ta fi hawa tona asiri. Sannan ya tsaya a kan ƙafar ita kaɗai na daƙiƙa 30 bai dafa komai ba, in ya iya, ya rufe ido ya yi daƙiƙa 10.

Sai ɗaga dunduniya a ƙafa ɗaya: ya dafa bango da yatsa biyu don kada ya faɗi, ya hau kan yatsunsa ya sauko. A ƙirga na mai lafiya, a ƙirga na wadda aka yi wa aiki. Ina son ta kusa kamo 'yar'uwarta, kuma tsawon ɗagawar ya zama ɗaya. Wanda bai iya yin goma ba, ƙafarsa ba za ta tare babur ba.

Na lanƙwasa gaɓa kuma, ya fuskanci bango, ya ajiye babban yatsa nesa da bangon, ya tura gwiwa ta taɓa bango ba tare da dunduniya ta bar ƙasa ba. A auna tazarar da ke tsakanin yatsa da bango. Lafiyayye kan kai wajen santimita 10. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bambanci tsakanin ƙafafun biyu kada ya wuce santimita 2 ko makamancin haka.

Na ƙarshe, kuma kada a yi shi sai likita ya amince, ɗan tsalle zuwa gefe a dira kan ƙafar a tsaya cak. Shi ne ya fi kama da abin da Malam ya kwatanta.

Mai Kula da Zaure: Hajiya, wanda ya gaza a gwajin, me zai riƙa yi?

Hajiya Mai Gashi: Roba mai talewa ta motsa jiki ita ce jarinsa. Ya zauna ya miƙe ƙafa, a ɗaure robar a wani abu da ke gabansa, a rataya ta a bayan ƙafa, ya janyo yatsu zuwa wajen ƙwauri. Sau 15, zubi uku, kullum. Tsokar gaban ƙwauri ke nan, ita ce ke ɗaga giya sama, kuma kusan kowa yana mantawa da ita. Sai ya juya robar ya tura ƙafa zuwa waje, don tsokokin gefe da ke hana idon sawu gocewa. Ga sha-raɓa, ya hau yatsu da ƙafa biyu, ya sauko a hankali da mai rauni kaɗai, yana ƙirga uku. Miƙewa kuma da tawul, daƙiƙa 30 sau uku.

Dokar da nake bayarwa ta awa 24 ce. In aka yi wani abu yau, zafi ko kumburi ya ƙaru, amma gobe da safe ya koma yadda yake, babu laifi. In an wayi gari bai sauka ba, an wuce gona da iri, sai a rage. Da wannan dokar za a auna hawan babur ɗin ma.

Oga Bakanike: Bari in shigo da nawa ɓangaren. Yawancin mutane suna ƙoƙarin tilasta ƙafa ta bi babur, alhali ƙarfen giya da na birki duk ana daidaita su.

Ƙarfen giya iri biyu ne. Akwai wanda ke zaune kai tsaye a kan sandar da ta fito daga inji, mai ƙananan haƙora. Noti ɗaya ke matse shi, galibi sifana lamba 10. Ka fara yin alama da maka a kan sandar da ƙarfen, don ka san inda ka taso. Ka zare notin gaba ɗaya, ba sassautawa kawai ba, domin akwai tsagi a jikin sandar da notin ke shiga, in bai fita ba ƙarfen ba zai zaru ba, kuma in ka sa ƙarfi za ka cinye haƙoran. Ka juya haƙori ɗaya kacal. Haƙori ɗaya a wurin sanda yana iya zama santimita biyu ko fiye a bakin ƙarfen. Ɗaya irin kuma yana da siririyar sanda tsakani mai noti biyu. Ɗaya daga cikin notin zarensa na hagu ne, wato akasin yadda aka saba yake kwancewa. Nan ake yawan karya abu. Ka sassauta su biyun, ka murza sandar da hannu har ƙarfen ya zo inda kake so, ka tabbata zare ya rage sosai a kowane ɓangare, ka ɗaure.

Sama za a kai shi ko ƙasa? Ya danganta. Wanda gaɓarsa ba ta ɗagowa sama sosai, a sauke masa ƙarfen kaɗan don kada sai ya ɗaga da nisa. Wanda kuma ya sa but mai kaurin baki, ko ƙafarsa ba ta miƙewa ƙasa, a ɗaga masa don ƙafar ta samu shiga. Dole a yi gwajin da takalmin da zai hau da shi a ƙafarsa.

Mafi sauƙi duka shi ne ƙarfen giya mai baki biyu, gaba da baya, wanda ƙananan babura da yawa da shi suke zuwa. Ka taka gaba da yatsu, ka taka baya da dunduniya, babu ɗagawa da bayan ƙafa sam. Wanda ɗinkinsa yake a bayan ƙafa ko a kan babban yatsa, wannan ya raba shi da matsala.

Baban Totur: Oga, akwai kuma dabarar da ba ta buƙatar sifana. Maimakon lanƙwasa idon sawu, ka sa bakin takalmi a ƙarƙashin ƙarfen, ka riƙe gaɓar yadda take, ka ɗaga ƙafar gaba ɗaya daga gwiwa da ƙugu. Kuma in ka ɗan dogara takalmin a jikin ƙarfen kafin ka kama kuloci, giyar da kanta take faɗawa.

Oga Bakanike: Haka ne. Sai dai a duba kuloci ma, in waya ta saki ba ya raba inji da giya sosai, giyar sai ta yi tauri, mutum ya yi ta dukan ƙarfe da ƙafa mai ciwo. Sarƙa mai sako-sako da tsohon baƙin mai su ma suna ƙara taurin.

Yanzu birkin baya. In irin mai dogon ƙarfe ne da ke zuwa tayar baya, akwai ƙaramin noti kusa da mataki da ke tsayar da tsawon feda. Shi ake fara daidaitawa, yadda ƙafa za ta zauna a kansa ba tare da an ɗaga ta ba. Bayan nan a koma notin da ke can ƙarshen ƙarfen a wajen taya, a bar wasa na milimita 20 zuwa 30 a bakin feda kafin birki ya fara kamawa. A juya taya da hannu a ji ba ta gogawa. Sannan a gyara makunnin fitilar birki, don in an sauya tsawon feda, fitilar kan zauna a kunne ko ta ƙi kamawa.

In kuwa birki mai mai ne, a yi hattara. Wasu don su rage nisan takawa sai su ɗaure sandar da ke tura fistin har babu wasa ko kaɗan. Hakan yana toshe ƙaramar kafar da mai ke komawa ta cikinta. Babur zai tashi lafiya, bayan 'yan kilomitoci mai ya yi zafi ya kumbura, birki ya kama kansa, tayar baya ta ƙulle a tsakiyar titi. Dole a bar ɗan wasa.

Baban Totur: Mai ciwo a dama ai zai iya barin birkin baya ya yi da na gaba kawai. Kusan kashi 70 cikin ɗari na tsayawa dama na gaba ne ke yi.

Malamin Tuƙi: A miƙaƙƙen titi mai kwalta busasshe, e. Amma wurin da birkin baya ya fi amfani shi ne daidai wurin da mai ciwon ƙafa ya fi shiga haɗari: tafiyar hawainiya a cunkoso, juyawa a ƙunci, yashi, ruwa, tashi a kan gangara. Ka taɓa birkin gaba kan babur yana juye a ƙaramin gudu, nan take zai nutsa ya kwanta ta ɓangaren da ka juya, ƙafa kuma dole ta fita. Wato ka guje wa takawa mai sauƙi, ka jawo dira mai nauyi.

Wanda ƙafarsa ta dama ba ta shirya ba amma dole ya fita, gara ya nemi babur marar giya, irin wanda birkinsa biyu duk a hannu suke kuma ake zura ƙafa ta gaba ba sai an haye ba. Ƙafar ba ta da aiki sai sauka ƙasa. Ko shi ɗin ma sai ta ci gwajin Hajiya na tsayawa.

Oga Bakanike: Kik kam a manta da shi na ɗan lokaci. Idan wuta ta riga fistin isa sama, inji yana mayar da kik da ƙarfi, kuma a tafin ƙafa yake bugawa ya tura gaɓar sama. Lafiyayyu ma yana ji musu ciwo. A gyara sitata, a sa batir mai kyau. Sitan ɗin tsakiya shi ma haka, don nauyin jiki duka ake ɗorawa a kan ɗan ƙaramin ƙarfe da gaban tafin ƙafa.

Sista: Ku yi haƙuri in katse ku, akwai abubuwan da suka riga duk wannan. Wanda har yanzu yake shan tiramadol ko kodin ko wani maganin ciwo mai sa barci, ba shi ba babur. Kuma kada a sha magani don a danne zafi a samu hawa, zafin ne ke faɗa maka ka tsaya. Wanda aka ba maganin tsinka jini don hana gudan jini, ya tambayi likita, domin faɗuwar da wani zai tashi ya kakkaɓe, shi tana iya zame masa zubar jini a ciki, musamman a kai.

Ɗinki ya rufe ruf, babu ruwa, babu ɓawon da ke tsattsafo. Gumi da ƙura cikin takalmi a kan rauni mai ƙarfe a ƙarƙashinsa, in ƙwayar cuta ta kai ga ƙarfen, magani kaɗai ba ya cika fitar da ita. Ja, zafi a taɓawa, mugunya, zazzaɓi, a koma asibiti ranar. Sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri da zafi a ƙafa ɗaya, wannan alamar gudan jini ce. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya yi ciwo, gaggawa ce, ba a jira safiya.

Sai rashin ji. Bayan aiki a idon sawu ko bayan ƙafa, ƙananan jijiyoyin fata kan taɓu, wani wuri ya mutu ko ya riƙa yi kamar ana tsira allura, wata da watanni. Irin wannan ba zai ji ƙarfen giya da kyau ba, ba zai ji takalmi yana cin sa ba, kuma salansa za ta ƙone shi bai sani ba. Masu ciwon suga wannan ya fi shafa. Su da masu shan taba kuma ƙashinsu ya fi jinkirin haɗuwa, lissafin Likita na sama sai an ƙara musu.

Mai Kula da Zaure: Wani ya turo ta gefe yana tambaya ko za a iya hawa da takalmin asibitin nan mai tauri, tunda yana kare ƙafa.

Likitan Ƙashi: A'a.

Malamin Tuƙi: In ƙara wa Likita dalili. An yi shi ne don ya hana gaɓa motsi, to da me za a taka birki? Ƙasansa a lanƙwashe yake, ba ya zama a mataki, faɗinsa ba ya shiga ƙarƙashin giya, maɗaurinsa kuma na iya maƙalewa a ƙarfe lokacin da kake son sauke ƙafa. Ban da haka, mai inshora ya karanta takardarsa. Haɗarin da aka yi cikin filasta ko saɓanin umarnin likita yana iya zama hujjar ƙin biya.

Hajiya Mai Gashi: Tunda an zo kan takalmi. But ne wanda ya rufe idon sawu, mai taurin ƙasa wanda in ka kama shi da hannu biyu ka murɗa ba ya murɗuwa. Taurin ƙasan nan shi ke raba nauyi a tafin ƙafa duka maimakon ya taru a inda mataki ya tokare. Na babur na asali suna ɗauke da lambar gwajin Turai EN 13634 a jikinsu. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta fi kumbura, da safar da za a riƙa sawa. Kumburin aikin ƙafa yana kai wata shida, wani har shekara, don haka tsohon but ɗin mutum zai iya ƙin shiga. Mai buɗewa sosai ta gefe ya fi, domin dogon but marar zif sai an miƙe ƙafa ƙasa kafin ta shige, gaɓa mai tauri kuma ba ta yarda. In mai igiya ne, a cusa igiyar ciki.

Kawunan sukurori a ƙashin idon sawu na waje suna kusa da fata ƙwarai, babu tsoka a kansu. In but yana gogar wurin, a yanka soso mai laushi kamar zobe, a kewaye wurin da shi, kada a ɗora a kansa.

Baban Totur: To ba gara a jira a cire ƙarfen ba tukuna? Ana cewa in aka faɗi da ƙarfe a ƙafa karayar ta fi muni.

Likitan Ƙashi: Yawancin faranti da sukurori ba a cire su sai in suna damun mutum, kuma ba sa hana hawa babur in ƙashi ya haɗu. Gaskiya ne in aka samu bugu mai ƙarfi ƙashi kan karye a daidai ƙarshen faranti, inda tauri ya haɗu da laushi, amma wannan bai isa dalilin sake yanka mutum ba. Waɗanda ke da magana su ne sukurorin da aka ratsa gaɓa da su, kamar na Lisfranc, ko dogon sukurun da ke haɗa ƙasusuwan ƙwauri biyu a saman idon sawu. Waɗannan wasu likitoci kan cire su bayan 'yan watanni, don suna iya karyewa in gaɓa ta fara motsi. Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne, bayan cirewa ramukan sukurori suna nan a ƙashi, wurin yana da rauni na wasu makonni. Ranar cire ƙarfe ba ranar 'yanci ba ce, wani sabon jira ne, sai dai gajere.

Wanda aka haɗe wa gaɓar idon sawu ta daina motsi har abada, shi maganarsa ta Oga ce, ba ta jira ba.

Oga Bakanike: Akwai mafita. Ga hagu, ƙarfe mai baki biyu ko na'urar canja giya da maɓalli a hannu, ko babur mai canja giya da kansa kamar masu DCT na Honda. Ga dama, ana mayar da birkin baya hannun hagu. Ba sabon abu ba ne. Mick Doohan, ɗan tseren Ostireliya, ya karya ƙafar dama a Assen ta ƙasar Holan a 1992, ƙafar ba ta koma taka birki yadda ya kamata ba, aka haɗa masa birkin baya da yake dannawa da babban yatsan hannun hagu. Da shi ya ci gasar duniya ta ajin babura masu cc 500 sau biyar a jere, daga 1994 zuwa 1998. Amma aikin birki ne, a kai wa wanda ya san shi, ba a yi da waya da walda ba.

Kuma tunda ba a fafe gora ranar tafiya, babur ɗin da ya yi wata biyu ko uku a ajiye shi ma majinyaci ne. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 a mita, in ya yi ƙasa da 12.4 a yi masa caji. Tsohon fetur yana yin danƙo ya toshe ƙaramar kafar kafireta, sai babur ya riƙa mutuwa da an saki totur. Ka duba abin da hakan ke nufi: inji ya mutu a tsakiyar juyawa, ƙafa ta fita. A zubar da tsohon man, a wanke kafireta, a daidaita silo, wato gudun inji idan an saki totur. A auna iskar taya da geji tana sanyi, a shafa wa sarƙa mai, a bar mata wasan da littafin babur ya faɗa, galibi milimita 20 zuwa 30. A tura babur da hannu a kama kowane birki a ji ya kama kuma ya saki.

Malamin Tuƙi: Ranar farko ba a tayar da inji. A samu mutum mai ƙarfi ya tsaya a gefe ya riƙe bayan babur. A hau, a ɗage sitan, a karkata babur hagu kaɗan a dawo, dama kaɗan a dawo, ana ƙara karkatar sannu a hankali. A tura shi gaba da baya da ƙafa ana zaune. Turawa baya ita ce mai wuya, tana neman yatsu da agara. A taka birki da sauri sau ashirin a ga ko ƙafar tana jinkiri. Mai ciwo a hagu ya bar babur a kan sitan, ya kama birkin gaba, ya dogara da hannu sosai wajen hayewa don rage murɗawa.

In an wayi gari lafiya, sai fili marar motoci mai daɗaɗɗen ƙasa, minti 10 zuwa 15. Tashi, tsayawa, sauke ƙafar da aka zaɓa, sannan ɗaya ƙafar. Da'ira mai faɗi, sannan a matse. Tsayawar gaggawa daga gudun kilomita 20 cikin awa, sannan 30. Mai ciwo a hagu ya koyi sauko da giya zuwa ta ɗaya tun babur bai tsaya ba, ya ƙarasa tsayawar kan babur yana miƙe, ya sauke dama. Kuma a riƙa duban inda ƙafa za ta sauka tun daga nesa: mai da ya zube, yashi, fentin titi in an yi ruwa, gefen da ƙasa ta zurma.

Bayan nan titi mai sauƙi, da rana, minti 20, babu goyo, babu kaya. Goyo shi ne na ƙarshe da za a dawo da shi, domin lokacin da fasinja ke hawa da sauka nauyinsa duka a mataki ɗaya yake, kuma yana motsi ba tare da ya sanar da kai ba.

Sista: A tafiyar da ta wuce rabin awa a tsaya a sauka a ɗan taka. Ƙafa tana rataye ƙasa, ga zafin inji, ga jijjiga, dole ta kumbura. An dawo gida a cire takalmi a duba fata da ido, a ɗaga ƙafar ta fi ƙirji tsawo, ƙanƙara cikin tsumma minti 15 zuwa 20. Wanda fatarsa ba ta ji sosai ya yi hankali da ƙanƙarar, ita ma tana ƙuna.

Baban Totur: Saura tsawon babur. Wanda da yatsu yake kaiwa ƙasa tun yana lafiya, yanzu ya zai yi?

Oga Bakanike: A fara da kujera, ita ce mai sauƙi kuma ba ta taɓa tafiyar babur. Mai ɗinkin kujera zai iya rage soso santimita 2 zuwa 3, amma abin da ya fi taimako shi ne a fere gefe da gefe ta gaba, don cinya ta sauka a miƙe. Rage matsin shokoba ta baya yana ɗan saukar da shi, sai dai yana sa ya yi laushi ya riƙa dukan ƙasa a rami. In aka kai ga sauke babur ɗin kansa da ƙarfen saukewa, a sauke gaba daidai gwargwado, in ba haka ba juyawarsa za ta sauya. Sannan a rage tsawon sitan ɗin gefe. In aka bar shi yadda yake, babur zai tsaya kusan a miƙe, ɗan taɓi kaɗan ya kife ta dama.